Labarin Thomas Spalding Mai Gandun Tsibirin Sapelo, da Asalin Gidansa, da Abin da Ya Bari

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, wannan takarda ce a kan labarin wani Banasare mai gandu, sunansa Thomas Spalding, wanda ya zauna a tsibirin Sapelo na ƙasar Jojiya, cikin yankin kudu na ƙasar Amurka. An haife shi a shekarar 1774, ya mutu a 1851. Za mu ambaci kakanninsa da ubansa, da nomansa, da bayinsa, da abin da ya auku ga gidansa bayansa. Dalilin tara labarin shi ne, kakan uwarsa ya sa hannu a kan takarda yana cewa bauta zalunci ce kuma za ta komo kan masu yinta, sa'an nan shi Thomas da 'ya'yansa suka mallaki bayi kusan 400. Cikin bayin nan akwai wani almajiri Bafillace na Futa Jalo, wanda rubutun hannunsa ya iso gaban malaman Kano bayan mutuwarsa da shekara kamar tamanin. Shekarun da za ka gani a nan duka na lissafin miladiyya ne.

Fasali na fari, a kan ƙasar da zuwan kakanninsa

Ka sani, ya kai almajiri, Jojiya tana bakin babban tekun nan da ya raba Afirka da Amurka, a gaɓarsa ta yamma. A shekarar 1732 Sarkin Ingila George na biyu ya ba waɗansu manyan Landan takardar izni su kafa mazauni a can, aka sa wa ƙasar sunansa. Shugabansu James Oglethorpe ya sauka da jama'arsa a 1733, ya kafa garin Savannah. Nufinsu abu biyu ne: su sama wa talakawan Ingila wurin noma, su kuma zama garkuwa tsakanin Carolina ta Ingilishi da Filorida, wadda take hannun mutanen Isbaniya a zamanin nan. A 1735 suka kafa doka, ba a shigo da bawa cikin Jojiya. Mafi yawan dalilin dokar tsaro ne, domin Isbaniyawa sun yi shela cewa bawan da ya gudo musu ya shiga addininsu ya zama ɗa.

Sa'an nan Oglethorpe ya bukaci mayaƙa masu tsaron iyakar kudu. Ya aika ƙasar Sikotilan, wajen duwatsunta na arewa, aka taro masa mutane daga wajen garin Inverness. Suka sauka a farkon 1736, maza da mata da yara, suka kafa gari a bakin kogin Altamaha, shi ne Darien. Babbansu John McIntosh, ana yi masa laƙabi da Mohr, ma'anarsa babba a harshensu. Ya zo da matarsa da 'ya'yansa, cikinsu akwai William da Lachlan. William shi ne ya haifi Margery, Margery ita ce uwar Thomas Spalding. Riƙe wannan salsala, za mu komo gare ta.

Fasali na biyu, a kan takardar mutanen Darien

A ƙarshen 1738 waɗansu mutanen Savannah suka rubuta wa masu mulkin ƙasar suna roƙo a ɗage dokar bayi. Suka ce ga Carolina ta yi arziki da shinkafa, su kuwa suna fama da talauci. Da labari ya kai Darien, sai mutum 18 suka taru a watan Janairu na 1739, John McIntosh na cikinsu, suka rubuta wa Oglethorpe tasu takarda suna roƙo a bar dokar yadda take. Suka kawo hujja biyar. Ta fari, Isbaniyawa suna kusa, bayi za su gudu gare su. Ta biyu, su mutane ne masu aiki da hannunsu, ba su bukatar a noma musu. Ta uku, ba su da dukiya, sai sun ci bashi su sayi bayi, kadan bawan ya mutu ko ya gudu sai bashin ya cinye su. Ta huɗu, wanda ya ajiye bayi ba ya rabuwa da tsaro dare da rana, tsoron na waje da tsoron na cikin gida. Ta biyar ita ce babba. Suka ce hankalin ɗan Adam ba ya karɓar a hukunta wa wata al'umma da zuriyarta bauta har abada, kuma ɗiyauci yana da daɗi ga baƙin mutum tamkar yadda yake da daɗi gare su, kuma wata rana mutanen nan za su zama bulalar da za a hore su da ita saboda zunubinsu.

Ka lura, mutanen nan ba su karanta wannan a littafin malaman falsafa ba. Manoma ne da mayaƙa, waɗansunsu ma alama suka sa a madadin suna don ba su iya rubutu. Ana lissafa takardarsu cikin takardun farko da aka rubuta a Amurka a kan ƙin bauta.

A 1740 Oglethorpe ya kai yaƙi Filorida. A wani sansani da ake kira Mose, kusa da birnin St. Augustine, Isbaniyawa suka fāɗa wa mutanen Darien da asuba, tare da su akwai baƙaƙen mayaƙa waɗanda suka gudo daga Carolina. Aka kashe na kashewa, aka kama John McIntosh, aka kai shi kurkuku a Isbaniya, ya daɗe a can kafin a sake shi. A 1742 Ingilishi suka kori Isbaniyawa daga tsibirin St. Simons. Da tsoron Filorida ya ragu sai hujjar tsaro ta raunana, masu son bayi suka rinjaya, aka ɗage dokar daga farkon 1751. Aka sare kurmin bakin Altamaha, aka yi fadamun shinkafa, 'ya'yan masu takardar nan suka sayi bayi kamar kowa. John ya mutu a 1761.

Ba su manta da maganar ba. A Janairu na 1775 mutanen Darien suka sake rubuta cewa suna ƙyamar bauta, kuma za su yi ƙoƙarin 'yanta bayinsu. Shugaban taron Lachlan ne, ɗan John, shi kuwa mai gandun shinkafa ne da bayi. Aka rubuta, aka naɗe takarda, ba a aikata ba.

Fasali na uku, a kan ubansa James Spalding

James Spalding shi ma mutumin Sikotilan ne, daga wani gida mai asali da ake kira Ashintully cikin lardin Perth. Ya ƙetaro Amurka a 1760, ya zauna a tsibirin St. Simons, ya shiga fatauci da mutanen asalin ƙasar, Creek da Seminole. Yana kai musu tufa da bindiga da albarushi da kayan ƙarfe, yana karɓar fatun barewa. Shi da abokin cinikinsa Roger Kelsall suna da rumfunan ciniki har bakin kogin St. Johns cikin Filorida. A 1772 ya auri Margery McIntosh. A watan Maris na 1774 ta haifa masa Thomas a garin Frederica, shi kaɗai ne ɗansu.

Shekara ɗaya bayan haka yaƙi ya tashi tsakanin Amurkawa da Sarkin Ingila, gida ya rabu biyu. Dangin Margery suka bi masu tawaye, har Lachlan ya zama janar a rundunarsu. James ya tsaya ga sarki, ya kwashe iyalinsa zuwa Filorida, dukiyarsa ta watse. Da yaƙi ya ƙare a 1783 ya komo St. Simons ya fara daga fari. Abokinsa Kelsall kuwa ya tafi tsibiran Bahamas tare da sauran masu bin sarki. Wajen 1786 ya aiko wa James da irin wata auduga daga can. Audugar nan zarenta dogo ne, mai laushi tamkar siliki, ƙwayarta baƙa ce mai santsi, ba ta yin kyau sai a tsibiran bakin teku, kuma masaƙan Ingila suna sayenta da tsada ƙwarai bisa ga sauran auduga. James na cikin waɗanda suka fara shuka ta a Jojiya. Ya mutu a 1794, ya bar wa ɗansa gona da bayi da wannan iri.

Fasali na huɗu, a kan Thomas da tsibirin Sapelo

Thomas ya koyi shari'ar Nasara a Savannah, ya zama lauya a 1795, amma zuciyarsa tana ga noma. A shekarar nan ya auri Sarah Leake, 'yar wani mai gandun auduga, Richard Leake. A 1798 yana cikin wakilan da suka rubuta tsarin mulkin Jojiya. Tsarin nan ya hana shigo da sababbin bayi daga ƙetare, amma ya tabbatar da mallakar waɗanda suke hannu, kuma jirage ba su daina sauke mutane ba.

Sapelo tsibiri ne kudu da Savannah, kusa da Darien, tsawonsa ya haura mil 10, ba a isa gare shi sai a jirgin ruwa. Mutanen Guale sun zauna cikinsa a dā. Sa'an nan limaman Isbaniya suka gina majami'a a can, daga sunanta Zapala aka sami Sapelo. Bayansu ya zama wurin farautar Creek, sa'an nan Ingilishi suka sayar da shi a 1760, sa'an nan waɗansu Faransawa suka saye shi wajen 1790, suka yi ta husuma a kan dukiya har ɗaya ya kashe ɗaya, tarayyarsu ta watse. A 1802, shekara biyu kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, Thomas ya sami kudancin tsibirin, eka dubbai, da kuɗin gonar ubansa da gādon matarsa. Ya yi ta ƙari har kusan tsibirin duka ya zama nasa da na 'ya'yansa.

A gaskiya mutumin manomi ne mai fasaha. Bayinsa suka sare manyan itatuwan tsibirin, aka sayar da katako ga masu sassaƙa jiragen ruwa. Suka haƙa magudanai suka tsane fadamu. Ba ya yarda a dogara ga shuka ɗaya, yana juya gona tsakanin auduga da rake da masara da dankali don kada ƙasa ta gaji. Shi ne ya fara noman rake don yin sukari a Jojiya, ya gina matsar rake wajen 1809, dabbobi ne ke juya ta, a 1816 kuwa ya wallafa ɗan littafi a kan noman rake. Ya rayar da wani irin gini na dā: a ƙona ɓawon ƙumbar teku ya zama farar ƙasa, a cuɗa da rairayi da ruwa da wani ɓawon, a zuba tsakanin alluna, kadan ya bushe sai ya zama tamkar dutse. Da wannan aka gina masa babban gidansa tsakanin 1807 da 1810, gajere mai kaurin bango saboda guguwar teku. Ya shiga majalisar ƙasar Amurka a ƙarshen 1805, ya bar ta a 1806 ya komo gona. A 1818 yana cikin waɗanda suka kafa bankin Darien. A 1840 aka buga tarihin Oglethorpe da ya rubuta, wato mutumin da ya hana bauta a Jojiya.

Sarah ta haifa masa 'ya'ya 16. Mafi yawansu sun riga shi mutuwa.

Fasali na biyar, a kan bayin gandu da Bilali Muhammadu

Bayin Sapelo suna zaune a rinjoji dabam dabam, kowane rinji kusa da gonar da yake nomawa. Al'adar gandayen bakin tekun nan ita ce a yanka wa kowane bawa aikin yini, ana aunawa da rubu'in eka. Wanda ya gama nasa, sauran yinin nasa ne, ya tafi gayaunarsa, ya kiwata kaji, ya kama kifi. Thomas ya fi son ya sa bawa ya shugabanci bayi bisa ga ya ɗauki Bature. Saboda haka waɗansu marubutan Jojiya suka yabe shi da sauƙin hali.

Amma ka auna yabon nan da dokar ƙasar. Tun 1801 Jojiya ta hana ubangiji ya 'yanta bawansa sai da iznin majalisa. A 1829 ta sa horo a kan wanda ya koya wa baƙin mutum karatu ko rubutu. Ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa. Ƙofar fansa a rufe, ƙofar ilmi a rufe. Wannan ita ce bautar har abada da kakan uwarsa ya ambata, Thomas kuwa ya rayu a kanta, ya kāre ta.

Sarkin gandunsa shi ne Bilali Muhammadu. Mutumin Timbo ne, babban birnin Futa Jalo, cikin ƙasar Gini ta yau, ƙasar da Karamoko Alfa da jama'arsa suka kafa daular Musulunci cikinta wajen 1727. Ya yi karatu a ƙuruciyarsa, aka kama shi, aka ƙetare da shi zuwa tsibiran da ke wajen Bahamas, ya yi bauta a gandun auduga. Daga can ya fāɗa hannun Thomas a farkon zamansa a Sapelo, shi da matarsa Phoebe da 'ya'yansa mata bakwai. Cikin sunayensu akwai Fatima da Madina da Binta, akwai kuma Margaret da Hester da Charlotte. Sunayen nan kaɗai sun isa su gaya maka tafiyar da gidan ya yi. Waɗanda suka gan shi sun ce yana sa jar dara da doguwar riga, yana salla yana fuskantar gabas a kan buzu, yana azumin Ramadan. A tsibirin St. Simons yana da aboki, Salihu Bilali mutumin Masina, shi ma sarkin gandu ne na gidan Couper.

Tanbihi. Kada almajiri ya karanta wannan ya ɗora laifi duka a ƙetaren teku. Jirgin Nasara yana tsayawa a gaɓa ne, masu kai masa mutane daga cikin ƙasa suke. Futa Jalo kanta ta sayar da kamammu da yawa, ita ma aka kama nata. Abdurrahman ɗan Almami Ibrahima Sori na Timbo an kama shi a 1788, ya yi shekara 40 yana bauta a Mississippi. Tun 1615 Ahmadu Baba na Tumbutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi yana tsawatarwa a kan sayar da 'ya'ya Musulmi, yana cewa baƙar fata ba ita ce sababin bauta ba. A nan ma an san hukunci, ciniki bai tsaya ba.

Abu biyu suka sa sunan Bilali ya fita. Na fari, a farkon 1815, cikin yaƙi na biyu tsakanin Ingila da Amurka, jiragen Ingila suka kama tsibiran Cumberland da St. Simons, suka yi shela duk bawan da ya zo gare su ya zama ɗa. Bayi fiye da dubu suka bi su daga gaɓar Jojiya. Thomas ya rasa masu tsaro, sai ya sami bindigogi, ruwaya ta ce 80, ya ba bayinsa, ya sa Bilali a kansu. Ingilishi ba su sauka Sapelo ba. Dubi hujja ta huɗu ta mutanen Darien: ga jikansu ya wayi gari ransa da dukiyarsa suna hannun mutumin da ya saya da kuɗi. Mai hankali zai lura kuma, Bilali ya riga ya ɗanɗana bauta a ƙarƙashin tutar Ingila, ga iyalinsa duka a tsibirin. Na biyu, a watan Satumba na 1824 babbar guguwa ta taso daga teku, ruwa ya hau tsibiran, mutane da yawa suka halaka a gandayen maƙwabta. Bilali ya tara jama'ar gandu ya shigar da su ɗakunan auduga da na sukari masu kaurin bango, suka tsira.

Fasali na shida, a kan ƙarshen Thomas da watsewar gidansa

Sarah ta mutu a 1843. A ƙarshen 1850 husuma ta yi tsanani tsakanin arewa da kudu a kan bauta, aka kira babban taro a Milledgeville, babban birnin Jojiya a zamanin nan, aka sa Thomas shugabancin taron yana da shekara 76. Taron ya yanke Jojiya ta zauna cikin tarayyar Amurka, da sharaɗin kada a taɓa bauta. A kan hanyarsa ta komowa ciwo ya kama shi, ya mutu ran 4 ga Janairu 1851 kusa da Darien, a gidan da ake kira Ashantilly, sunan gidan kakanninsa na Sikotilan. A shekarar nan aka sa wa wata gunduma ta Jojiya suna Spalding. Gundumar da Sapelo yake cikinta kuwa tun 1793 sunanta McIntosh.

Sharaɗin nan bai wuce shekara 10 ba. A 1861 yaƙin basasa ya tashi. Ɗansa Randolph ya shiga rundunar kudu, ya mutu a 1862. Iyalin suka bar tsibirin, suka kora bayi da yawa zuwa cikin ƙasa don kada su gudu ga jiragen arewa. Ran 11 ga Yuni 1863 rundunar arewa ta shiga Darien, mutanen garin sun riga sun gudu, aka kwashe kaya aka sa masa wuta. Bature ne ya ba da umarni, sunansa James Montgomery, amma mayaƙan baƙaƙe ne, waɗansunsu bayi ne jiya. Tsakanin takardar mutum 18 da wutar nan shekara 124. Yaƙin ya ci rai fiye da 600,000, ya ƙare a 1865, aka 'yanta mutum kusan miliyan 4.

Mutanen Sapelo da aka kora suka komo tsibirinsu, waɗansu da ƙafa har bakin teku. A Janairu na 1865 Janar Sherman ya ba da umarni a raba wa 'yantattu gonakin tsibiran, kowane gida har eka 40. Kafin shekara ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya warware wannan, ƙasa ta koma ga magāda. Amma gandu ba ya noma kansa. Babban gida ya zama kango, jikokin Thomas suka yi ta fama da rashi suna sayar da ƙasa yanki yanki, jikansa mai sunansa ya mutu a 1885. A 1871 'yantattu uku suka haɗa kuɗi suka sayi eka kusan 1,000 a wurin da ake kira Raccoon Bluff, ɗaya daga cikinsu sunansa Bilali Bell. A 1912 wani attajirin motoci na Detroit, Howard Coffin, ya saye mafi yawan tsibirin, shekara 61 bayan mutuwar Thomas. A 1934 ya koma hannun R. J. Reynolds ƙarami, magājin dukiyar taba, wanda ya tattara ƙauyukan baƙaƙe ya matsa su wuri guda, Hog Hammock. A 1969 da 1976 hukumar Jojiya ta saye saura. Hausawa sun ce duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya.

Jikokin bayin gandun ne suka dawwama a tsibirin, da yawansu suna kai salsalarsu ga 'ya'yan Bilali mata. Cikinsu akwai Cornelia Walker Bailey, wadda ta rubuta labarin mutanenta, ta rasu a 2017. Sun ragu ƙwarai saboda haraji da rashin aiki. A 2023 hukumar gundumar McIntosh ta yarda a gina manyan gidaje a Hog Hammock, jikokin suka kai ƙara don tsoron kada haraji ya tashi ya raba su da ƙasar kakanninsu.

Fasali na bakwai, a kan takardar Bilali

Bilali ya mutu wajen 1857, ya tsufa ƙwarai. An ruwaito an binne shi da Alƙur'aninsa da buzunsa. Kafin mutuwarsa ya ba wani limamin Kirista marubuci, Francis Goulding, ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da Larabci. Littafin ya zauna a gidan Goulding, sa'an nan ɗansa ya ba ɗakin littattafan hukumar Jojiya wajen 1930. Suna zato labarin rayuwarsa ne ya rubuta, ba mai iya karantawa.

Sa'an nan wani ɗalibi Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zo ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 yana binciken al'adun Maguzawa, ya zo da hoton shafukan, ya nuna wa malamai. Tawada ta ɓata waɗansu wurare, haruffa sun sauya, mai rubutun yana sa harafi a madadin ɗan'uwansa gwargwadon yadda kunnensa ya riƙe. Ya ruwaito cewa da farko malaman suka ce aikin aljannu ne. Da aka natsu a kansa sai aka gane fiƙihu ne na mazhabar Maliku, aka danganta shi ga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani. Greenberg ya buga wannan a 1940. Masu bincike na baya suka ce ba kwafin Risala ba ne kai tsaye, abin da ya riƙe ne a ka daga karatun ƙuruciya: aƙida, da alwala, da kiran salla, da sallar asuba. Littafin yana jami'ar Jojiya a garin Athens.

A cikin shekarar nan ta 1940 aka buga wani littafi a Jojiya, wanda ya tara maganganun tsofaffin baƙaƙe na bakin teku. Jikokin Margaret da Hester suka ba da labari cewa Bilali da matarsa suna salla a kan lokaci, da hudowar rana da tsakiyarta da fāɗuwarta, suna jan dogon carbi. Suka ce kakanninsu mata suna jiƙa shinkafa ta kwana, su daka a turmi da zuma ko sukari, su cura, su raba wa yara a wata rana sananniya, suna kiranta saraka. Kai da ka ci gumbar sadaka ka san abin da ake nufi. Amma masu ba da labarin Kirista ne, majami'arsu ta farko a tsibirin an kafa ta tun 1866. Takarda tana birni ba mai karanta ta, zuriya tana tsibiri ba ta san abin da ke cikinta ba.

Hatima

Fa'ida ta fari: gidan McIntosh da Spalding ba jahilci ne ya kai su ba. Sun rubuta gaskiya a 1739, suka sake rubuta ta a 1775, sa'an nan kuɗin shinkafa da auduga suka rinjayi abin da suka sani. Almajiri ya ji tsoron wannan a kansa, domin hujjar da mutum ya rubuta da hannunsa ita ce farkon mai shaida a kansa.

Fa'ida ta biyu: kyautata wa wanda ka zalunta ba ya kankare asalin zaluncin. Thomas ya yanka aiki da ma'auni, ya amince wa Bilali da bindiga, amma ya mutu ya bar shi cikin kayan gādo.

Fa'ida ta uku: Bilali ya riƙe karatunsa fiye da shekara 60 ba malami ba littafin bita, wannan himma ce da ta isa a yi koyi da ita. Amma an hana shi makaranta da almajirai, sai ilmin ya tsaya a kansa, abin da ya kai ga jikoki shi ne carbi da curin shinkafa. Kai da kake da malami a raye da allo da abokan karatu, ka karɓa, ka kuma bayar tun kana da iko.

Allah ya jiƙan Bilali Muhammadu da Salihu Bilali da duk wanda aka fitar daga gidansa bisa zalunci. Allah ya tsare mu da cin haƙƙin bayinsa, ya sa mu aikata abin da muka sani. Labari ya cika, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Amin.